Tsofaffin Littattafan Farautar Turawa: Kayan Ado ko Shaidun Tarihi?

A manyan gidajen gwanjo na birnin Landan, irin su Christie's da Sotheby's da Bonhams, akwai wata haja da ba ta yin kwantai. Hajar kuwa ita ce tsofaffin littattafan farauta masu zane-zane, waɗanda hafsoshin soja da jami'an mulki da 'ya'yan masu hannu da shuni na ƙasashen Turai suka rubuta tun daga farkon ƙarni na 19 har zuwa tsakiyar na 20, game da namun dajin da suka harbe a Indiya da Afirka. Muddin littafi bugun farko ne, kuma zane-zanensa sun cika, akan taya kwafi guda a kan dubban fam na Ingila. Wanda ya saya, sau da yawa, ba don karatu ya saya ba. Zai jera shi ne a kabad mai gilashi, ya riƙa nuna wa baƙi. Tambayar da ya kamata ɗalibi mai koyon aikin malanta ya yi wa kansa ita ce: mu da aka yi farautar a dazuzzukan nahiyarmu, aka ɗora wa kakanninmu kayanta a ka, mene ne rabonmu a cikin waɗannan littattafai? A tawa fahimtar, rabonmu ya fi na mai kabad, kuma sakaci ne babba mu bar masa su shi kaɗai.

Bari mu fara da sanin kayan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne “Oriental Field Sports” na Kyaftin Thomas Williamson, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana aikin soja a yankin Bengal na ƙasar Indiya. An kammala buga littafin a Landan cikin 1807, ɗauke da manyan zane-zane masu launi guda 40, waɗanda Samuel Howitt ya zana bisa zayyanar da Williamson ya ba shi. A ciki akan ga Turawa bisa giwaye suna harbin damisar Asiya mai ratsi-ratsi, ko bisa dawaki suna sukan aladen daji da mashi. Wani kuma shi ne “Portraits of the Game and Wild Animals of Southern Africa” na Kyaftin William Cornwallis Harris, injiniyan soja a ƙarƙashin Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ya ratsa kudancin Afirka a 1836 da 1837. An fara fitar da nasa kashi-kashi a 1840, da zane 30 na dabbobin da ya gani da idonsa.

Tsadar irin waɗannan littattafai tana da dalili. A zamanin da aka yi su babu kyamarar da za a shiga daji da ita, saboda haka kowane zane aikin hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Na Williamson an sassaƙa su ne a kan farantan jan ƙarfe, ana amfani da ruwan asid ya ci wuraren da ake so tawada ta zauna. Na Harris kuwa ɗab'in dutse ne: akan yi zanen da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sannan a shafa tawada, sai ta kama inda maiƙon yake ta ƙi inda ruwa yake. Bayan an buga, sai ma'aikata su zauna da buroshi su sanya launi a kowace takarda ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, don haka ba a buga su da yawa, kuma galibi attajirai ne kan biya tun kafin a gama. Daga baya wasu dillalai suka gano cewa in aka yayyage littafi aka sayar da zanen ɗai-ɗai don a rataya a bango, an fi samun riba. Haka aka yi ta fiɗar littattafan kamar yadda marubutansu suka fiɗe dabbobin, har cikakkun kwafe suka yi ƙaranci.

Wannan shi ne abin da mai saye yake biya wa kuɗi: ƙarancin kaya, da kyan launi, da lafiyar bango. Mu kuma abin da ya dame mu yana cikin zanen kansa.

Mai karatu ya ɗauki ɗaya daga cikin hotunan da suka cika littattafan ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, bayan kyamara ta fara maye gurbin alƙalamin mai zane, ya dube shi da idon basira. Bature ne a tsakiya, da hular kwano a ka, bindiga a hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa gawar zaki, ko kuma ya hau ruwan cikin giwa ya zauna. A bayansa, ko can gefe inda hoton ya fara dushewa, ga baƙaƙen mutane a tsaye. A ƙarƙashin hoton an rubuta nau'in dabbar, da wurin da aka harbe ta, wani lokaci har da tsawon ƙahonta inci-inci da nauyin haurenta. Sunayen mutanen nan na gefe kuwa ba kasafai ake rubutawa ba. Alhali su ne suka ga sawun tun da asuba, su suka san inda iska ta dosa, su suka san mashayar da dabbar kan zo da lokacin da takan zo. Wani a cikinsu shi ke riƙe da bindiga ta biyu, ba shi da izinin harbawa kuma ba shi da izinin gudu in ɓauna ta juyo. Wasu su za su yi fiɗa, wasu su ɗauki hauren a ka tafiyar makonni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga 1892 kamfanin Rowland Ward na Landan ya fara buga wani kundi na awon ƙahoni, inda ake jera dabbobi mafiya girma da aka taɓa harbewa tare da sunayen masu su. Ƙahon gwanki ya sami shiga tarihi da cikakken awonsa, mutumin da ya nuna inda gwankin yake bai samu ba.

Wannan tsari na wanda ke tsakiya da wanda ke gefe darasi ne da ake koya wa mai kallo ba tare da an furta kalma ba. Yaron Ingila da ya tashi yana buɗa irin waɗannan littattafai a ɗakin karatun kakansa, ya riga ya haddace wane ne mai ba da umarni kuma wane ne ɗan dako, tun kafin a turo shi Afirka a matsayin ɗan ƙaramin jami'in mulki. Abin ban dariya ma, a ƙasar Hausa gaisuwar da aka riƙa yi wa irin wannan jami'i ita ce “Zaki!”, wadda asalinta ta sarakuna ce, shi kuwa a hutunsa zakin yake nema ya harbe.

Dangantakar farauta da mulkin mallaka ba ta tsaya a hoto ba, kuma littattafan da kansu ne suke tona wannan. Harris bai shiga ƙasar Ndebele da ƙarfin tuwo ba. Sai da ya je gaban Sarki Mzilikazi a 1836 da kyaututtuka, ya nemi izini, kafin ya wuce farautarsa. Haka nan Frederick Selous, yana saurayi ɗan kimanin shekara 20, ya gurfana gaban Sarki Lobengula, ɗan Mzilikazi, a 1872, yana neman a bar shi ya harbi giwa. Wato a lokacin daji yana da mai shi, kuma baƙo ya san da haka. Selous ya wallafa “A Hunter's Wanderings in Africa” a 1881, littafin ya karɓu ƙwarai, ya cusa wa samarin Ingila da yawa sha'awar zuwa Afirka. Shekara tara bayan haka, a 1890, Selous ɗin nan ne ya yi wa rundunar kamfanin Cecil Rhodes ja-gora zuwa ƙasar Mashona. Hanyoyin da ya sani wajen bin giwa, da mashigan koguna, da wuraren samun ruwa, su ne suka zama hanyoyin mamaya. A 1893 aka ci Lobengula da yaƙi, ya bar Bulawayo, ya rasu a farkon shekara mai bi mata. Ƙasar ita ce daga baya aka raɗa wa suna Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau. Duk malamin da ke son ya nuna wa ɗalibai yadda baƙo mai neman izini ya rikiɗe ya zama mai ba da izini, da wuya ya sami misalin da ya fi wannan fitowa fili.

Sai kuma batun yawan abin da aka kashe, wanda marubutan ba su ɓoye ba, don a wurinsu abin alfahari ne. W. D. M. Bell, marubucin “The Wanderings of an Elephant Hunter” na 1923, wanda ya ƙawata da zane-zanen hannunsa, ya harbe giwaye 1,011 a rayuwarsa. A 1911, Sarki George na Biyar na Ingila da tawagarsa sun kashe damisar Asiya 39 da karkanda 18 cikin kwana 10 a ƙasar Nepal. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Mombasa a 1909, ya ƙare tafiyarsa a Khartum a 1910, da ɗaruruwan 'yan dako a bayansa. A littafinsa “African Game Trails” ya jera manyan dabbobi 512 da shi da ɗansa Kermit suka harbe, ayarin kuma gaba ɗaya ya tara samfuran dabbobi kimanin 11,400 domin gidajen adana kayan tarihi na Amurka. Cikin abin da suka harbe har da farar karkanda ta arewa, wadda namijinta na ƙarshe a duniya ya mutu a Kenya cikin 2018, ya bar mata biyu kacal.

Da namun daji suka fara ƙaranci, sai mafarautan nan suka koma masu wa'azin kare su. A watan Mayu na 1900 ƙasashen Turai masu mallaka a Afirka suka sa hannu a wata yarjejeniya a Landan kan kare namun daji. Ko da yake ba ta fara aiki a hukumance ba, saboda wasu ƙasashen ba su tabbatar da ita ba, ta zama madubin dokokin da aka yi ta kafawa a yankunan mallaka, ciki har da dokar kare namun daji ta Nijeriya ta 1916. Abubuwa biyu a cikin yarjejeniyar sun cancanci a tsaya a kansu. Ta nemi a taƙaita farauta da raga da rami, waɗanda hanyoyi ne na 'yan ƙasa, ta kuma ɗora farauta bisa lasin. A Gabashin Afirka ta Ingila, lasin baƙo mai farautar nishaɗi fam 50 ne a farkon ƙarni na 20, kuɗin da talakan ƙasar ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. Sannan ta jera zaki da damisa da kura da kyarkeci da kada da mesa cikin dabbobi masu cutarwa da ya kamata a rage yawansu. A 1903 aka kafa ƙungiyar kare namun dajin daular Ingila, kuma da yake manyan mafarauta ne suka cika ta, mutanen ƙasarsu da kansu suka yi musu laƙabi da mahautan da suka tuba. Bahaushe zai ce tuban muzuru. Sakamakon ya fi bayyana a kan irin mutanen Waata na Kenya, waɗanda suka gaji farautar giwa da manyan bakuna da kibau masu dafi. Da aka mayar da dajin Tsavo gandun hukuma a 1948, sana'ar kaka da kakanni ta zama laifi, aka riƙa kama su ana ɗaurewa da sunan ɓarayin daji, yayin da mai fam da lasin yake harbi a wasu dazuzzukan ana kiransa gwarzo. Masanin tarihi John MacKenzie ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa “The Empire of Nature” na 1988.

To, in haka littattafan suke, me ya sa ba za mu juya musu baya ba? Akwai masu wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa harshen da aka siffanta Baƙar fata da shi a cikinsu na wulaƙanci ne, ana kiran dattijo mai furfura “yaro”, ana kwatanta mutane da dabbobi, don haka sanya su gaban ɗalibi daidai yake da sake zagin kakanninsa a gabansa. Na yarda zagin yana nan, wani wurin ma ya fi yadda ake faɗa muni. Inda na saɓa da su shi ne maganin. Alƙali ba ya korar mai shaida don ba ya ƙaunar wanda ake shari'a da shi. Yakan saurare shi, ya tace maganarsa, ya gwada ta da ta wasu. Waɗannan littattafai shaidu ne masu son kai, amma sun halarci abin da mu ba mu halarta ba, kuma a wasu al'amuran babu wani mai shaida da ya rage sai su.

Alal misali, akwai wani nau'in jakin dawa na Afirka ta Kudu da ake kira kwaga, mai ratsi a gaba kawai, bayansa ruwan ƙasa. Harris ya gan shi garke-garke ya zana shi. Ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Amsterdam ranar 12 ga Agusta, 1883, kuma guda ɗaya tak aka taɓa ɗauka hoto da ranta, a gidan namun daji na Landan. Wanda ke son sanin yadda dabbar take rayuwa a daji, dole ya koma ga bayanin irin su Harris. Mu matso kusa da gida. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda masanin dabbobi Oldfield Thomas ya siffanta a 1898, an harbo samfurinsa ne a kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen Lakwaja. Yau wa zai gaskata an taɓa ganin raƙumin dawa a can? A 1996 guda 49 kacal suka rage na wannan iri, dukkansu a yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Da aka tashi tsaye wajen kare su sun haura 600, har a 2018 aka kwashi wasu zuwa gandun Gadabeji. Masu ƙoƙarin mayar da dabba mazauninta na asali suna bukatar sanin ina ne mazaunin, kuma tsofaffin bayanan mafarauta suna cikin abin da ake dubawa.

Ƙasarmu ma ba ta rasa nata kason a wannan rubuce-rubuce ba. Boyd Alexander, hafsan soja kuma masanin tsuntsaye, ya biyo ta Lakwaja da Binuwai zuwa Tafkin Chadi a tafiyar da ya fara cikin 1904, ya ɓulle ta kogin Nilu, ya wallafa “From the Niger to the Nile” mujalladi biyu a 1907. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni, wajen Maiduguri ta yau, tun a shekarar farko ta tafiyar, shi ma da aka kashe shi a 1910 kusa da Abeshe a Chadi, a Maifonin aka binne shi. Angus Buchanan kuwa daga Kano ya tashi a 1920, ya bi ta Damagaram zuwa Agadas da duwatsun Azbin yana tara tsuntsaye da dabbobi, ya wallafa “Out of the World North of Nigeria” a 1921. A irin waɗannan littattafai, tsakanin labarin harbi da harbi, marubuci kan ambaci gari da kasuwarsa, da halin tafki a shekarar, da irin itatuwan da suka rufe hanya, da ladan ɗan dako. Abin da ya rubuta a matsayin cikon shafi, shi ne ya zama ƙwayar hatsi a wurin mai nazarin tarihinmu.

Sai dai mai shaida mai son kai yakan ƙara gishiri, kuma wannan ma darasi ne. Kanar John Patterson ya yi suna da “The Man-eaters of Tsavo” na 1907, labarin zakuna biyu da suka addabi ma'aikatan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa a 1898. Daga baya ya ce sun cinye mutum 135. Fatun zakunan suna gidan adana kayan tarihi na Field a birnin Chicago, kuma a 2009 masana suka binciki gashinsu da ƙashinsu, suka ƙiyasta cewa mutanen da suka ci ba su wuce kimanin 35 ba. Wani abin lura kuma, cikin ma'aikata kusan 32,000 da aka kwaso daga Indiya don wannan aiki, kimanin 2,500 ne suka mutu, akasari saboda cututtuka da wahalar aiki. Waɗanda zaki ya ci sun sami littafi da fina-finai, waɗanda zazzaɓi ya ci ba su sami komai ba, domin a labarin zazzaɓi babu jarumi mai bindiga. Ɗalibin da aka koya wa ya tambayi dalilin da ya sa aka ba da wannan labari aka bar wancan, ya sami makamin da zai yi masa amfani a kan kowane irin rubutu, har da jaridar yau da abin da ake yaɗawa a waya.

Adalci ya sa a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Jim Corbett, marubucin “Man-Eaters of Kumaon” na 1944, a Indiya aka haife shi, yana jin harshen mutanen ƙauye, yana girmama su a rubutunsa, kuma daga baya ya fi son ɗaukar hoton damisa a kan harbinta. Gandun dajin da aka kafa a 1936 da taimakonsa, Indiya mai 'yancin kai ce ta raɗa masa sunansa.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata malami ya kauce masa, wato ɗora wa Bature laifin ƙarewar namun daji baki ɗaya. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Cinikin hauren giwa ya riga mulkin mallaka, kuma fataken Hausa suna cikin waɗanda suka riƙa sayo shi daga Adamawa a ƙarni na 19, wani ya bi ta Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus tare da gashin jimina. Cutar bushiya da ta shigo ta gaɓar Bahar Maliya a 1887 ta ratsa nahiyar cikin shekara goma, ta karkashe shanu da ɓauna fiye da abin da kowace bindiga za ta iya. Tsakanin 1979 da 1989, bayan yawancin ƙasashenmu sun daɗe da samun 'yanci, giwayen Afirka sun ragu daga kimanin miliyan 1.3 zuwa kimanin 600,000, abin da ya jawo haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. Mariri, wanda a da yake yawo garke-garke a bakin Sahara, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a tsare. Wani bincike da aka wallafa a 2014 bai tarar da zaki a Nijeriya ba sai 'yan ƙalilan a Yankari da Kainji. Saran itatuwa da ƙonan daji da faɗaɗa gonaki da bindigogin zamani, duk da hannunmu muka yi su. Malamin da ya koyar da rabin farko na labarin ya ɓoye rabi na biyu, ya yi wa ɗalibansa irin abin da Patterson ya yi wa masu karatunsa.

Shin sai mun sayo littattafan ne? A ganina a'a, kuma kwabo ɗaya na kuɗin jama'a bai kamata ya tafi gidan gwanjo don wannan ba. Al'amarinsu ya bambanta da na kayan tagullar Benin da aka wawashe a 1897, waɗanda mallakin masu su ne kuma neman a dawo da su haƙƙi ne. Littattafan farauta a Turai aka buga su, da takardar Turai da kuɗin Turai. Abin da yake namu a cikinsu shi ne ilimin da aka tatsa daga bakin masu bin sawu, da sifar ƙasar da dabbobinta, kuma wannan ba ya bukatar bangon fata mai ruwan zinariya. Da yawa daga cikinsu haƙƙin mallakarsu ya ƙare, an ɗauki hoton shafukansu an zuba a intanet kyauta, a rumbuna irin su Internet Archive da Biodiversity Heritage Library da Project Gutenberg. Malami mai wayar hannu zai iya saukar da shafi ɗaya, ya buga a takarda, ya shiga aji da shi.

Abin da zai yi da shafin a ajin Hausa yana da yawa. A darasin insha'i, ya ba ɗalibai hoton Bature da gawar zaki, ya ce su rubuta labarin wannan rana daga bakin mutumin da ke tsaye a gefe riƙe da bindiga ta biyu. A darasin fassara, ya zaɓi sakin layi daga Buchanan inda yake siffanta hanyar Kano zuwa Damagaram, su fassara, su kuma tattauna yadda za a yi da kalmar raini in an ci karo da ita: a fassara ta yadda take, ko a sassauta, kuma me ke ɓacewa in an sassauta? Wajibi ne malami ya karanta shafin shi kaɗai tukuna, ya shirya zukatan ɗalibai kafin ya miƙa musu. Inda na fi ganin riba shi ne darasin kalmomi. Yara da yawa a birane ba sa bambance gwanki da kanki, ko barewa da gada da mazo, duk da sunayen suna nan birjik a karin magana da kirari da tatsuniya. Yaron Kano ya san Mariri a matsayin unguwa, bai san akwai farar dabba mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa da ke da wannan suna ba. In dabba ta ɓace daga daji, sunanta yakan bi bayanta daga baki, karin maganar da aka gina a kanta kuma ta zama kwanson da ba ƙwaya. Tsohon zane mai launi, in aka haɗa shi da ƙamusun Bargery na 1934, zai iya mayar wa kalma da hotonta.

Aikin da ya fi wannan gaggawa kuwa ba a intanet yake ba. Maharban ƙasar Hausa suna da iliminsu da ba a taɓa buga shi da launi 40 ba: yadda ake haɗa dafin kibiya da 'ya'yan kwankwani, yadda maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci nama, dokokin rabon abin da aka kama a farautar gayya, hukuncin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa in rigima ta tashi, da kirarin da kowane gwani ke yi wa kansa da karensa. Masu wannan sani tsufa suke yi, dazuzzukan da suka koye shi a ciki kuma sun zama gonaki, wasu sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Kowace kwalejin ilimi tana tura ɗalibanta aikin koyarwa na gwaji a garuruwa da ƙauyuka, kuma kusan kowane ɗalibi yana da wayar da za ta naɗi murya. Sashen Hausa zai iya ɗora wa kowannensu hira ɗaya da tsohon maharbi, da izininsa, a rubuta cikakken sunansa da garinsa da ranar hirar a saman takarda, a ajiye kwafi a laburaren kwaleji, a kai masa nasa. Cikin tambayoyin kada a manta da sunayen dabbobin da ya taɓa gani waɗanda yanzu babu su, da sunan dajin, da shekarar da aka yi wa giwa ganin ƙarshe a yankin, da wanda ya gan ta.